Da wane ma'auni zan auna 'yan zagayen farko na liginmu na Madden?

Mai_Allo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin wani ligi na ƙwallon Amurka a Madden, wasan bidiyo na ƙwallon, irin wanda kwamfuta ke buga wasannin, mu kuma namu aikin manaja ne: zaɓen 'yan wasa, musaya da kwantiragi. Yanzu 'yan wasan da muka ɗauka a zaɓenmu na farko, wato inda ƙungiyoyi ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi, sun cinye kwantiraginsu na shekara 4, sai shugaban ligin ya ɗora min aikin in bi zagayen farko ɗin nan, mutum 32, in ba kowace ƙungiya makinta.

Mutum uku ne suka tsaya min a rai. Wanda aka ɗauka na 3 mai jifa ne, lambar ƙwarewar da Madden ta ba shi ta haura 85, hannunsa akwai ƙarfi, amma ƙungiyarsa ba ta taɓa leƙa zagayen sili ɗaya ƙwale ba. Na 11 mai gudu da ƙwallo ne, ya yi kaka biyu yana tashe, kowace kaka sai ya wuce yadi 1,000, daga nan gwiwa ta kama shi, yanzu benci yake ɗumamawa. Na 27 ɗan katanga ne mai tsare bayan mai jifa ta hagu. Ba ka jin sunansa a ko'ina, lambarsa ta tsaya a 79, amma tun da ya zo bai taɓa fashin wasa ba.

In na bi lamba, mai jifa ne kan gaba. Zuciyata kuma tana ce min na 27 ya fi su duka amfani. Mutanen nan sun ba da lokacinsu ga ligin, ba na son in zalunci kowa. Waɗanda suka daɗe a harkar, da me kuke aunawa?

Tsohon_Koci:

Wa alaikumus salam. Malam Mai_Allo, ka fara da rufe shafin lambobin nan. Lambar Madden tana gaya maka yadda ɗan wasa yake yau, ba ta gaya maka nawa aka biya kafin a same shi. Ai kowane gurbi a jerin zaɓe da farashinsa. Akwai jadawalin da Dallas Cowboys suka fito da shi zamanin kocinsu Jimmy Johnson, farkon shekarun 1990, wanda har gobe ana duba shi wajen musaya. A cikinsa gurbi na 1 maki 3,000 ne, na 3 maki 2,200, na 11 maki 1,250, na 27 kuwa 680 kacal. Ka ga ke nan wanda ya ɗauki mai jifan nan ya kashe fiye da ninki uku na abin da mai ɗan katanga ya kashe. To ya samu ninki uku na amfanin? Nan tambayar take.

Ni abin da nake fara dubawa shi ne: da kwantiragin farko ya ƙare, manajan ya sa hannu a aljihu ya riƙe yaron, ko ya sake shi ya tafi? Mutum zai iya yabon ɗan wasansa da baki son ransa, amma ranar da iyakar albashin da aka yarje wa ƙungiya ta biya ta matse shi, ranar ake sanin wanda yake so da gaske. A NFL, babban ligin ƙwallon Amurka na gaske, ma haka ne. Tun yarjejeniyar ligin da 'yan wasa ta 2011 'yan zagayen farko shekara 4 suke samu, ƙungiya kuma tana da zaɓin ƙara musu ta biyar. Duk wanda aka ƙi ƙara wa, an riga an yanke masa hukunci. Chicago Bears sun ɗauki mai jifa Mitchell Trubisky na 2 a 2017, har ya je Pro Bowl, wasan zaɓaɓɓun taurarin kaka, amma da lokaci ya yi suka ƙi ba shi shekarar ta biyar.

Batun ɗan katangarka kuwa, kada rashin jin sunansa ya ruɗe ka, aikinsu ne haka. Joe Thomas, ɗan katanga na 3 a zaɓen 2007, ya yi duk rayuwarsa ta wasa a Cleveland Browns, ya je Pro Bowl sau 10 a jere, bai taɓa buga ko wasa ɗaya na sili ɗaya ƙwale ba, kuma a 2023 aka saka shi cikin zauren gwanaye. Ka buɗe ƙididdigar naka ka ga sau nawa aka bi ta gefensa aka kayar da mai jifa. In kaɗan ne, ka ba manajansa maki mafi girma ba tare da wata tantama ba.

Yar_Lissafi:

Baba Koci, na yarda da batun farashi, amma ma'aunin kwantiragi na biyu zai danne mai gudun nan. Manajan bai ja masa ciwon gwiwa ba, kwamfuta ce ta jefa ƙuri'arta ta faɗa kansa. Mai jifa Robert Griffin III ya zama gwarzon sababbin 'yan wasan gaba a 2012, gwiwarsa ta lalace a ƙarshen kakar, bai sake komawa yadda yake ba. Wanda ya gan shi a watannin farko ba zai ce an yi zaɓen tumun dare ba.

Shi ya sa nake ganin maki biyu ya kamata a bayar: ɗaya na shawarar da aka yanke ranar zaɓe da abin da aka sani a ranar, ɗaya na abin da ya biyo baya. A Madden ma abin ya fi tsanani, domin sau da yawa saurin bunƙasar ɗan wasa a ɓoye yake lokacin zaɓe, sai ya buga wasanni kafin ka san ko matakinsa Star ne ko Superstar. Wanda ya dace da X-Factor, matakin da ya fi duka, a gurbi na 20 ba lallai ya fi na kusa da shi basira ba.

In za a tuhumi manajan na 11, a tuhume shi kan ɗaukar mai gudu da wuri haka. Su ne suka fi shan duka, suna saurin tsufa, kuma ana samun nagari a zagaye na uku da na huɗu. Wannan ya san shi tun kafin ya danna.

Dan_Gefe:

'Yar uwa, ni fa ban yarda da maki biyu ba. Da zarar an buɗe wannan ƙofar, kowa zai ce shawararsa daidai ce, sa'a ce kawai bai yi ba. Mai_Allo, ka ɗauko jerin, ka duba mutum biyar ko shida da aka ɗauka bayan kowane ɗan wasa, musamman masu buga wuri ɗaya da shi. Abin da ya sa har yau ake maganar Trubisky shi ne mai jifa Patrick Mahomes yana nan zaune har gurbi na 10, Kansas City suka tashi daga na 27 suka hauro suka ɗauke shi. In mai jifanka na 3 shi ne mafi kyau a duk masu jifan shekarar, manajansa ya yi aikinsa, rashin nasarar ƙungiya a nemi dalilinsa a wani wuri.

Mai_Allo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Dan_Gefe, na duba kamar yadda ka ce. Akwai wani mai jifa da aka ɗauka na 19, lambarsa ta ɗan gaza ta na 3, sai dai kaka ɗaya kawai ya buga a matsayin na farko, sauran duk yana bayan wani tsohon ɗan wasa. A wannan kakar guda ƙwallayen da abokan hamayya suka cafe masa ba su kai rabin na wancan ba, kuma ya kai ƙungiyarsa sili ɗaya ƙwale. Shi kuma yaya zan yi da shi? Kaka ɗaya ta isa a ce ya fi?

Tsohon_Koci:

Ba ta isa ba, amma kada ka rage masa maki don ya zauna. Aaron Rodgers na 24 aka ɗauke shi a 2005, ya yi kaka uku a bayan Brett Favre, sai 2008 ya karɓi ƙungiyar Green Bay Packers. Mahomes ma kusan duk kakarsa ta farko a bayan Alex Smith ya yi ta, a ta biyu ya zama gwarzon ligi. Wanda ya ba su maki da wuri da ya sha kunya.

Sai dai akwai abin da za ka lissafa wa manajan na 19. Amfanin sabon mai jifa shi ne arharsa. Sam Bradford, na 1 a 2010, an ba shi kwantiragin dala miliyan 78 kafin ya taɓa ƙwallo; Cam Newton, na 1 a 2011 bayan an canza doka, kusan miliyan 22 ya samu. Shekarun arhar nan su ne lokacin da ake tara masa masu cafewa da katanga mai ƙarfi da ragowar kuɗin. Manajan na 19 ya bar uku daga cikin huɗu sun wuce yaron yana benci, yanzu kuma dole ya biya shi kuɗi mai tsoka bisa shaidar kaka ɗaya. Ka rubuta wannan a gefen sunansa, ka bar gurbin makinsa a buɗe zuwa ƙarshen kaka mai zuwa.

Kafin ka yanke wa na 3 hukunci kuma, ka duba wa ke tsare shi. In ana kayar da shi sau uku sau huɗu a kowane wasa, ƙwallayen da ake cafe masa ba duka ne laifinsa ba. Turo mana ƙididdigar katangar ƙungiyar tasa ta kakar bara da ta bana mu gani.