Hanyoyin keke marasa cunkoson motoci a dajin New Forest: ta ina zan bi?

Sabon Mahayi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san gandun dajin New Forest da ke kudancin Ingila. So nake in yi kwana biyu ina zagaya shi a kan keken kwalta mai siririyar taya, milimita 25, kuma daga Landan zan shiga jirgin ƙasa. Ina neman hanyoyin da motoci ba su yi yawa ba, kamar kilomita 30 zuwa 60 a rana. A taswira na ga manyan tituna sun keta dajin ta ko'ina, shi ya sa na rasa ta inda zan fara. A wane gari ya kamata in sauka, waɗanne hanyoyi zan guje wa? Kuma da gaske ne dabbobi na yawo a kan titi?

Mai Taswira:

Wa alaikumus salam. Malam, ka sauka a Brockenhurst. Jirgin da ke tashi daga tashar Waterloo yana tsayawa can, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, kuma da ka fito daga tasha, 'yan mintuna kaɗan ka shiga daji. Kada ka mai da Lyndhurst masaukinka. A cikinta manyan titunan A35 da A337 suke haɗuwa, kuma lokacin hutun makarantu, daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, layin motoci yakan miƙe har bayan gari.

Tituna huɗu za ka ja wa jan layi: A31 da ta taso daga Cadnam zuwa Ringwood, wadda tagwayen hanya ce, sai A35, da A337, da A326 a gefen gabas. Waɗannan an yi musu shinge don kada dabbobi su hau, saboda haka direbobi na sakin mota. Hanyoyin da ba su da shinge kuwa, iyakar gudu a kansu mil 40 ne a awa, wato kamar kilomita 64, cikin ƙauyuka kuma mil 30. Aikinka shi ne ka harhaɗa ƙananan hanyoyi ta yadda manyan ba za ka hau su ba, sai dai ka tsallaka ko ka bi ta ƙarƙashi.

Ga zagayen rana ta farko, kimanin kilomita 50. Daga Brockenhurst ka ɗauki hanyar Rhinefield ka nufi yamma. Za ka fara da fili, sannan ka shiga cikin dogayen bishiyoyin da aka shuka wajajen 1860, wasu sun haura mita 50. A ƙarshen wannan hanya za ka tarar da A35, kuma nan ne wuri mafi hatsari a duk zagayen. Tsaya cak, sa ƙafa a ƙasa, sa giya mai sauƙi tun kafin ka tsaya, ka jira sai ɓangarorin biyu sun yi sarari. Masu faɗuwa a nan galibi waɗanda suka tsaya a giya mai nauyi ne, suka zo tashi ƙafa ta kasa juya feda a tsakiyar titi.

Da ka tsallaka, hanyar Bolderwood ce a gabanka, siririya, tana hawa a hankali ta kusa da tsohuwar bishiyar nan ta Knightwood. A Bolderwood akwai ban ɗaki da dandamalin kallon barewa. Daga nan ka yi hagu, ka wuce gicciyen katako da aka kafa don tunawa da sojojin Kanada da suka yi sansani a dajin kafin su tsallaka Faransa a 1944. Hanyar za ta bi da kai ta ƙarƙashin A31, ka fito fili fetal. Ka bi allon Linwood, ka gangara Moyles Court, sai Rockford da Poulner, inda za ka sake tsallake A31 ta kan gada. Daga Crow akwai ɗan hawa zuwa Burley, daga Burley ka bi ta Holmsley, inda hanya ta ratsa ƙarƙashin A35, sai Wilverley ka dawo Brockenhurst. Ka yi shi ta wannan fuskar, domin iskar yankin ta fi kaɗowa daga kudu maso yamma, ka ga ke nan a dawowa tana bayanka lokacin da ƙafa ta gaji.

Tsohon Bakanike:

Hanyar da Mai Taswira ya ba ka ta yi, amma tayarka ce ba ta kwanta min ba. Ruwan sama yana wanko ƙananan duwatsun ƙanƙara masu kaifi zuwa gefen kwalta da kan kwana, su ne ke huda siririyar taya. In firam ɗin kekenka zai ɗauka, sa mai milimita 28 ko 32. Ka bar aƙalla milimita 4 tsakanin taya da ƙarfe ta kowane gefe, in ba haka ba laka da tsakuwa za su riƙa gogar firam. Mai nauyin kilo 70 zuwa 75, iskar psi (ma'aunin iskar taya) 65 zuwa 75 ta ishe shi a kan taya 28, a kan 32 kuma 55 zuwa 60. Riƙe tub biyu, faci, ƙarfen cire taya biyu, famfon hannu da mahaɗin sarƙa ɗaya. Idan ka yi faci, bi cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro dutsen kafin ka sa sabon tub. Rashin yin haka ne yake sa mutum ya ƙarar da tub biyu cikin kilomita ɗaya.

Sai ramukan ƙarafa. A duk inda hanya ta fita daga filin kiwo, an haƙa rami an jera sandunan ƙarfe a kai don dabba ta kasa wucewa, kuma za ka haɗu da su da yawa. Rage gudu tun kafin ka iso, kamar kilomita 15 zuwa 20 a awa, ka saki birki, ka daina feda, ka ɗan ɗaga daga sirdi, ka hau su a miƙe sak. Kada ka taɓa birki ko ka juya kan keke a kansu, musamman in sun jiƙe, domin ƙarfe mai ruwa ba ya riƙe roba. Wanda ya yi laƙo-laƙo sosai shi ma yakan faɗi, taya na faɗawa tsakanin sanduna tana tsalle. Ka duba mahaɗar da aka haɗa ɓangare biyu na ƙarafan, wani lokaci akwai tsaga a tsaye wadda siririyar taya za ta iya shigewa. Idan iska ta yi ƙasa, bakin ƙarfe zai matse tub da rim, ka ga huda biyu a jere. In ranka bai ba ka ba, akwai ƙofa a gefe, sauka ka tura, ka rufe ta a bayanka.

Mashigin ruwa ma haka. Akwai ɗaya a cikin Brockenhurst, akwai na Moyles Court. Simintin ƙasan yana da gansakuka mai santsi. In ruwa ya rufe hanya, nemi gadar masu ƙafa. Bayan ka fito daga ruwa, matsa birki a hankali na 'yan mitoci ya bushe, musamman mai kama rim.

Uwar Tafiya:

Ƙanena, maganar dabbobi gaskiya ce, kuma ta fi maganar motoci muhimmanci. Ƙananan dawaki kusan 5,000 ne ke yawo a sake, ga shanu, jakuna da tumaki. Kowace dabba da mai ita, mutanen yankin ne masu haƙƙin kiwo tun zamanin da. Dajin tun wajajen 1079 Sarki William ya keɓe shi don farauta, a 2005 aka mai da shi gandun ƙasa.

Keke ba ya ƙara, shi ya sa yake razana doki fiye da mota. Tun daga nesa ka yi magana da murya a natse, ka rage gudu zuwa ƙasa da mil 10 a awa, ka ba da tazarar mita 2. Haka dokar hanya ta Birtaniya ta tanada tun gyaran 2022, kuma ta ambaci dawakin wannan daji da suna. Kada ka kaɗa ƙararrawa dab da kunnen doki. Daga Afrilu zuwa Yuni lokacin haihuwa ne. In ka ga goɗiya a gefe ɗaya, ɗanta a ɗaya gefen, ka sani zai ruga wurinta ba tare da ya duba ba, kada ka shiga tsakaninsu. Ranar zafi sukan taru a inuwa, ƙarƙashin gada ko a tsakiyar kwana, wurin da idonka bai gama sabawa da duhu ba. Daga Satumba ana sako aladu su cinye 'ya'yan itatuwan da ke zubowa, waɗanda guba ne ga dawaki da shanu in sun ci da yawa. Barewa kuma da asuba da magariba take tsallaka hanya, kuma in ɗaya ta wuce, jira ta biyu.

Kada ka ba su abinci, kada ka shafa su. Tun Yulin 2023 laifi ne, tarar fam 100 nan take, tana iya kaiwa fam 1,000 a kotu. Hura wuta ma an hana. In ka zauna cikin ciyawa, duba ƙafafunka da dare saboda kaska, tana ɗauke da cutar Laim.

Rana ta biyu ka nufi teku, kamar kilomita 30, kusan duk shimfiɗe. Daga Brockenhurst ka bi B3055 zuwa tafkin Hatchet, ka gangara Beaulieu. Wannan ɓangaren yana da motoci, don haka ka wuce shi kafin ƙarfe 9 na safe. Daga Beaulieu ka bi allon Buckler's Hard, sai St Leonards mai kangon tsohon rumbun sufaye, sai Sowley da South Baddesley har Lymington. A ganina waɗannan su ne hanyoyi mafi shiru a duk yankin. Daga Lymington kada ka hau A337. Jirgin ƙasa zai mai da kai Brockenhurst cikin kamar minti 10.

Sabon Mahayi:

Allah Ya saka da alheri, Hajiya, da ku duka. Firam ɗina zai ɗauki 28. Saura biyu: akwai inda zan sami hawa mai ɗan wahala? Kuma hanyoyin burji da na gani cikin daji, an yarda a hau su?

Mai Taswira:

Hawa yana arewacin A31. Wuri mafi tsayi a dajin shi ne Pipers Wait kusa da Nomansland, mita 129 kacal, amma hanyoyin Fritham, Bramshaw da Nomansland hawa da gangara ne a jere. Sai tudun Blissford kusa da Frogham, gajere ne amma tsininsa ya kai kashi 25 cikin ɗari. Sauya zuwa giya mafi sauƙi tun kana ƙasa, domin sauyawa kana tsakiyar taka feda da ƙarfi shi ke tsinka sarƙa. Don isa Fritham, Bramshaw da Nomansland, bayan ka fito daga ƙarƙashin A31 ka yi dama zuwa Stoney Cross maimakon Linwood. B3078 da ta ratsa arewa zuwa Fordingbridge miƙaƙƙiya ce, ana gudu a kanta kuma ana yawan buge dabbobi, tsallake ta kawai. Idan manhajar taswira ta ce ka tsallaka A31 a kan kwalta kusa da dutsen tarihi na Rufus, kada ka bi ta.

Burji kuwa, sama da mil 100 aka ware wa keke, kuma za ka gane su da turakun katako masu lamba da hoton keke. Inda babu turke, an hana hawa, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa da kuma fadamun da taya ke lalatawa. Taya 28 za ta iya ɗan gajeren zango in ƙasa a bushe take, amma rage iska da kamar psi 5, ka kuma sassauta a kwana, tsakuwar tana zamewa. Sauke taswirar a wayarka tun kana gida, sabis yakan ɗauke a cikin kurmi. Sa fitila fara a gaba da ja a baya ko da rana, domin direban da ya fito daga hasken fili ya shiga inuwar bishiyoyi ba ya ganin mai keke da wuri.