Maƙwabcina ya hau bene, tagarsa na kallon tsakar gidana

Ɗan Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara 14 ina zaune a unguwar Zariya nan Maradi, katanga ɗaya da wani Alhaji mai sana'ar kaya a babbar kasuwa. Ko gardama ba mu taɓa yi ba, ranar sunan autata shi ya kawo rago. Bayan sallar layya sai ya zuba dal a kan ɗakunansa ya ɗora bene. Ban ce komai ba, gidansa ne. Da gini ya kai taga, sai na ga biyu sun buɗe ta wajenmu, ɗaya saitin murhu, ɗaya saitin makewayin mata, wanda ba rufi gare shi ba. Yau kwana 20 uwargida na wanka kafin asuba, tun magina ba su hau ba. Ga indararo kuma an karkato shi kan katangata, ita kuwa ginin ƙasa ce. Ni da na ga yadda gidaje suka zube a daminar 2024, ba na wasa da ruwa. In tafi wajen mai unguwa ne ko meri, wato ofishin magajin gari? Ba na so a ce ni na fara kai ƙara.

Tsohon magini:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka bari a yi shafe. Toshe taga yanzu bulo kaɗan ne da rabin buhun siminti, amma in an sa ƙarfe da gilashi an yi fenti, sai girman kai ya shigo. Mu abin da muke yi shi ne mu ɗaga tagar sama da tsayin mutum, iska ta shiga, ido bai fita. Indararo kuwa a haɗa shi da tiyo a sauke ruwan cikin gidansa ko titi. Sau da yawa mai gida bai ma hau sama ya duba ba, magini ne ya zaɓi gefen da ya fi mishi sauƙi.

Almajirin zaure:
Malamai sun gama wannan magana tun tuni. A Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, inda aka kawo hadisin ba cuta ba cutarwa, misalin farko da aka bayar shi ne buɗe tagar da ke tona asirin maƙwabci, sannan buɗe ƙofa saitin ƙofarsa. Ka sami limamin masallacinku ku je tare bayan la'asar.

Ma'aikacin safiyo:
Ta wajen doka ma kana da ƙafa. Ɗora bene na buƙatar takardar izinin gini, kuma zanen da ake kaiwa meri yana nuna tsayin ginin da gefen da kowace taga take. Dokar farar hula da muka gada daga Faransa ta ce tagar da ke kallon filin maƙwabci kai tsaye sai da tazarar mita 1,90 daga iyaka, kuma ruwan rufinka ba ya zuba a gidan wani. In benen a kan katangar yake, babu tazara ke nan. Ka duba baranda ma. Titunan nan masu faɗi an shata su ne bayan ambaliyar gulbi ta 1945, da aka hauro da gari kan tudu, yanzu kowa na cin su da dakali da baranda har ta kusa taɓa wayar lantarki ta NIGELEC.

Hajiya mai ɗinki:
Ku dai yi wa Alhajin adalci. Mutum da ƴaƴa sun girma, fili ya yi tsada, in bai hau sama ba ina zai je? Mu ma bene ne gefenmu, rufe makewayi muka yi da kwano muka huta.

Ɗan Zariya:
Na gode duka. Hajiya, makewayi zan iya rufewa, tsakar gida fa? Nan mata ke daka da shanya. Jiya na bi shawarar almajiri, muka je da liman. Alhaji ya hau da kansa, ya leƙa ta tagar, ya sauko bai ce uffan ba sai "subhanallahi". Ya yarda a toshe ta makewayin. Ta murhun ya ce ɗakin amaryar ɗansa ne, sai ya yi shawara. Maganar indararo na manta ban tayar ba sam, kunya ta kama ni. Tsohon magini, tiyo nawa zai ci daga bene zuwa ƙasa? Ina tunanin in saya da kuɗina in aika mishi.