Mustang ta 1967 na tafasa da zarar na tsaya a cunkoso

Assalamu alaikum. Motata Ford Mustang ce ta 1967 mai injin V8 289. Na sabunta injin, na sa lagireto na alminiyom, na cire fankar da bel ke juyawa na sa ta lantarki.

A buɗaɗɗiyar hanya lafiya lau, zafi ba ya wuce digiri 85. Amma da na tsaya a cunkoso sai allurar auna zafi ta haura 105, ruwa ya fara tsiyaya ta bututun rara. Abin ya ishe ni wallahi.

Na canja tamostat (abin da ke daidaita zafin ruwan injin) da murfin lagireto, na fitar da iskar da ke cikin hanyoyin ruwa, na duba famfon ruwa. Mai bai gauraya da ruwa ba, babu farin hayaƙi, don haka ban zargi gasket (shimfiɗar kan injin da ke hana mai da ruwa haɗuwa) ba. Abin da na lura: injin na aiki a tsaye, fanka na tashi sai fitilu su dushe, batir ya sauko volt 12. Altanetar kuwa, wato na'urar da ke cajin batir, ta asali ce.

Ƙarancin wutar altaneta kaɗai zai iya rage wa fanka gudu har injin ya tafasa haka? Na gode.