Ruwan tanki yana ƙauri bayan ƙonar daji, kulorin ya ƙara ɓata shi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. An ƙone daji da kara kusa da unguwarmu, hayaƙi ya yi kwanaki yana sauka a rufin kwano. Ruwan farko da muka tara a tanki sai ƙauri yake yi. Da aka zuba kulorin kuma ya koma ɗanɗanon magani. Me ya jawo haka, kuma zai shawu?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Hayaƙi da toka kowanne da inda yake jan ruwa. Ruwan sama mai tsabta ma'auninsa na pH (ma'aunin tsami, wanda ke raguwa in tsami ya ƙaru) kusan 5.6 ne, iskar salfa da naitirojin da ke cikin hayaƙi kuwa suna ƙara masa tsami, sai ya riƙa cin kwano yana narkar da zink ɗin da aka shafe kwanon da shi. Toka akasin haka take yi, kamar dai ruwan tokar da ake sa wa miya a madadin kanwa. Ka gwada da takardar pH, na sha ya kasance tsakanin 6.5 da 8.5.

Malamar Kimiyya:
Ƙaurin daga sinadaran fenol ne, waɗanda itace ke fitarwa in yana ci. Da sun haɗu da kulorin sai su zama kulorofenol, harshe kuma yana jin sa ko da ɗan mitsitsi ne. Amma abin da ya fi damuna shi ne kunkunniya, domin a jikinta wasu sinadarai masu guba da ake kira PAH suke manne. Ɗaya daga cikinsu, benzopairin, yana jawo ciwon daji, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a maikirogiram 0.7 cikin lita ɗaya (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Tafasawa ba ta cire shi. In har akwai taya ko leda cikin abin da ya ƙone, don Allah kada yara su sha.

Mai Haɗa Tanki:
Gaskiyar Malama. Wannan ruwan a bar shi wa wanki. A kwashe laka, a goge tankin da buroshi, a wanke indararo. Nan gaba a zubar da ruwan farko, lita 1 zuwa 2 kan kowace murabba'in mita ta rufi, wato rufi mai murabba'in mita 50 ya zubar da lita 50 zuwa 100. A bar sauran ya kwanta, a tace da matatar gawayin masana'anta, sannan kulorin ya zo ƙarshe, a jira minti 30. Gawayin girki bai kai wancan kamawa ba.