Farautar ɓoyayyen akwati a gaɓar kudancin Ayislan: ina zan tsaya da yaro?

Ɗan Fagge a Hambog:

Assalamu alaikum jama'a. Bara wani abokin aikina Bajamushe ya koya mini wasan nan na Geocaching, wanda mutum zai ɓoye ɗan akwati a wani wuri, ya sa lambobin GPS ɗin wurin a intanet, kai kuma ka bi wayarka har ka gano shi, ka sa hannu a 'yar takardar da ke ciki, ka mayar yadda ka same shi. Da farko dariya na yi masa, yanzu kuwa na gano 64, ɗana mai shekara 10 ma ya fi ni zaƙuwa.

A watan Yuli in Allah ya yarda za mu je Ayislan ni da shi, kwana huɗu, za mu yi hayar mota daga Reykjavik mu bi gaɓar teku ta kudu. Da na duba taswira sai na ga da yawa daga cikin na can EarthCache ne, wai babu akwati sam, tambayoyi kawai za ka amsa. To ina daɗin farautar da ba a kama komai? Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka: ina ya kamata mu tsaya, kuma za a iya kaiwa tafkin ƙanƙarar nan na Jökulsárlón a dawo a rana ɗaya?

Baban Walida:

Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Malam ka baro Fagge, ka tsallaka teku, don ka je kana leƙa ƙarƙashin duwatsu kana neman robar da wani ya ajiye? Da ka faɗa mini ai da na ɓoye maka guda goma a Dala kyauta. Allah ya kai ku lafiya, ka dai turo mana hotuna.

Injiniya Mai Taswira:

Ƙanina rabu da Baban Walida, shi ma da zai gwada sau ɗaya an rasa shi a gida. Na bi hanyar nan shekara biyu da suka wuce, bari in faɗa maka abin da na gani.

Rana ɗaya dai kada ka soma. Daga Reykjavik zuwa Jökulsárlón kusan kilomita 380 ne, tuƙin awa biyar in ba ka tsaya ko'ina ba, ga yaro a mota. Ku kwana a Vík ko kusa da shi, wajen kilomita 180 ne daga babban birnin.

Ka fara da Dyrhólaey kafin ka shiga Vík. Tsauni ne da ya kutsa cikin teku, tsayinsa kamar mita 120, da wata ƙatuwar kafa a jikinsa wadda ruwa ya huda, a samansa kuma akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1927. In ka tsaya can, arewa da kai ƙanƙarar Mýrdalsjökull ce fara fat, kuma a ƙarƙashinta Katla yake kwance, dutse mai aman wuta da ya yi babban amansa na ƙarshe a 1918. Yamma kuwa baƙin yashi ne iya ganinka. Wannan yashin narkakken dutse ne da ya haɗu da ƙanƙara da ruwa ya farfashe, ambaliya ta kwaso shi zuwa teku. A Yuli za ku tarar da tsuntsayen fafin masu jan baki a gefen tsaunin, yaronka zai manta da waya. Iskar wurin fa ba ta wasa, ka riƙe ƙofar mota da hannu biyu in za ka buɗe.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan duka shi ne Reynisfjara, bakin tekun da ke gabas da nan. A can ne ginshiƙan dutsen nan suke, jere kamar an sassaƙa su da hannu. Ni na je ina ƙirga kusurwoyinsu, kaina a sunkuye kan waya, bayana ga teku. Teku ya yi lamo, sai kawai na ji ruwa ya buge ni har gwiwa, ga sanyi kamar an soke ni da allura, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata. Allah ne ya sa da sauran kwana. Igiyar ruwan wurin takan zo ba zato, guda ɗaya ta zarce sauran da nisa, kuma ta kashe mutane da dama. Akwai fitilun gargaɗi a mashiga, kore da rawaya da ja. In ja ce ku tsaya daga sama ku kalla, babu amsar tambayar da ta kai ran mutum. Ko kore ce, hannun yaron ya kasance cikin naka, fuskarka kuma tana kallon ruwa.

Ka tafi da fensir, biro ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda.

Hajiya Malamar Jogirafi:

Injiniya ya gama magana kan tsaro, ni kan tambayarka ta farko zan tsaya. Ɗana, a ƙasa irin wannan EarthCache ya fi akwati. Akwati yana sa ka kallon ƙasan benci, shi kuwa wannan sai ka ɗaga kai ka dubi dutsen kafin ka iya amsawa. Ƙungiyar masana ilimin duwatsu ta Amurka ce ta faro shi a 2004 don haka. Za a ce maka ginshiƙin nan kusurwa nawa gare shi, ka ƙirga ka ga yawanci shida, sannan ka fahimci narkakken dutse ne ya huce a hankali ya tsuke ya tsattsage, kamar yadda laka take dararrewa a fadama in rani ya yi.

A hanyar Jökulsárlón, kusa da Skaftafell, ku tsaya wurin wasu lanƙwasassun ƙarafa a gefen titi. Ragowar gada ce da ambaliyar 1996 ta ɓalle, bayan aman wuta ya narkar da ƙanƙara a ƙarƙashin makekiyar ƙanƙarar nan ta Vatnajökull. Shi kansa tafkin bai cika shekara 100 ba, a wajen 1935 ya soma taruwa da ƙanƙarar ta fara ja da baya. Ku lura da baƙaƙen layuka a jikin curin ƙanƙarar da ke yawo a ruwa, tokar aman wuta ce ta shekaru aru-aru. Kada yaro ya hau ko ɗaya, sukan kife ba sallama.

Baban Walida kuma, mu ma muna da namu: tafkin Tila da ke kusa da Biu bakin tsohon dutse mai aman wuta ne. Can ya kamata ka kai robar taka.

Ɗan Fagge a Hambog:

Na gode ƙwarai Yaya Injiniya, na gode Hajiya. Na canza tsari, kwana biyu a Vík. Na karanta wa yaron labarin igiyar ruwan, ya yi tsit, daga baya ya ce to shi zai riƙa gadin teku ni in yi ƙirga. Saura abu guda: na ga a farkon Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 11 na dare, duhu ma ba ya yi sosai. Yaya Injiniya, ya ka yi da Magariba da Isha?