Gurbin sunan shiga babu komai a Active Directory: me za a duba kafin a cike shi?

Sabon mai kula da sabar: Assalamu alaikum, malamai. Wata biyu ke nan da na karɓi aikin kula da sabar wata makaranta, kuma jiya na ci karo da abin da ya ɗaure mini kai. Na buɗe asusun wata malama a Active Directory Users and Computers, wato manhajar duba asusun ma'aikata a Active Directory, rumbun Microsoft da ke riƙe sunayen masu shiga kwamfutocin ma'aikata, sai na tarar gurbin sunan shiga na sama wayam, alhali na ƙasa, wanda aka danganta da zamanin kafin Windows 2000, yana nan da sunanta. Da na bincika sai na ga asusu 41 ne suke haka. Dukkansu suna shiga kwamfutocinsu lafiya lau, amma a Microsoft 365, wato imel da manhajojin ofis na Microsoft da ke kan intanet, an ba su wasu sunaye masu ƙarewa da onmicrosoft.com waɗanda babu wanda ya san su. Shin in zauna in cike guraben ɗaya bayan ɗaya ne?

Injiniya mai furfura: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka dakata da cikewa tukuna. Kowane asusu yana iya ɗaukar sunan shiga iri biyu. Na ƙasan shi ne sAMAccountName, wanda ba ya wuce haruffa 20, kuma babu asusun da zai rayu ba tare da shi ba. Na saman shi ne userPrincipalName, mai kama da adireshin imel, kuma tsarin bai wajabta shi ba, shi ya sa ko asusun Administrator da ya zo da domen, wato rukunin asusu da kwamfutocin da Active Directory ke kula da su, za ka tarar ba shi da shi. Mutanenka suna shiga ne da na ƙasan, don haka babu wanda ya kawo ƙorafi sai da aka haɗa da Microsoft 365.

Abin da nake so ka tantance shi ne ko ba a taɓa rubuta sunan ba, ko an rubuta an goge, ko kuwa yana nan kai ne ba a ba ka izinin gani ba. Umarnin repadmin /showobjmeta, tare da sunan sabar da cikakken adireshin asusun, zai jera maka kowane gurbi, da sau nawa aka taɓa shi, da lokacin, da sabar da aka yi canjin a kanta. Idan babu layin userPrincipalName ko kaɗan, to tun ranar da aka ƙirƙiri asusun ba a sa shi ba. Idan kuwa layin yana nan da lamba 2 ko fiye, to wani ko wata manhaja ta share shi, kuma in manhaja ce, in ka cike yau, gobe tana iya sake sharewa.

Hajiya ta sashen tsaro: Ina goyon bayan Injiniya, sai dai zan ƙara da batun izini, domin na taɓa ɓata yini guda ina neman sunayen da ba su ɓata ba. Wanda ya riga ni a wurin ya ƙuntata izinin karantawa a kan wani rukunin asusu, sai ma'aikatan da ke taimaka wa jama'a suka riƙa ganin gurbin babu komai, alhali mai cikakken iko yana ganinsa. Malam, ka buɗe asusun guda da asusu mai cikakken iko, sannan ka kwatanta. Idan an sami bambanci, umarnin dsacls, mai jera izinin da ke kan asusu, zai nuna maka inda aka toshe. Idan kuma ta tabbata gogewa aka yi, ka duba rajistar tsaro ta sabar da repadmin ya ambata, ka nemi lamba 4738, wadda ake rubutawa duk lokacin da aka sauya asusu, tana kuma ɗauke da sunan wanda ya yi sauyin. Lamba 5136 ta fi ta bayani, amma ba ta fitowa sai in an kunna bibiyar sauye-sauye tun kafin abin ya faru.

Malam na reshen waje: Sabobin domen nawa kuke da su? Wataƙila sunan yana kan wata sabar, bai iso wadda ka duba ba. Tsakanin wurare biyu, bayanai suna ɗaukar minti 180 kafin su daidaita matuƙar ba a rage lokacin ba, kuma repadmin /replsummary zai gaya maka idan ɗaya ta kwana biyu ba ta karɓi komai ba.

Sabon mai kula da sabar: Sabobi biyu ne, Malam, a ɗaki ɗaya, kuma babu kuskure a tsakaninsu. Hajiya, na shiga da cikakken iko, gurbin yana nan wayam. Injiniya kuwa ka canka daidai: a asusu 38 babu layin sam, kuma duk an ƙirƙire su rana ɗaya. Na tono jakar wanda na gada, na ga fayil ɗin CSV da ya yi amfani da shi, da ɗan rubutun PowerShell da ke kiran New-ADUser, umarnin ƙirƙirar asusu, ba tare da ya ba shi userPrincipalName ba. Sauran ukun ne suke da layin, amma babu suna.

Injiniya mai furfura: To, 38 ɗin sun warware. Ukun nan kuwa ina zargin an taɓa goge su ne aka tayar da su daga kabari. Idan ba a kunna kwandon shara na Active Directory ba, wanda ya zo da Windows Server 2008 R2, asusun da aka goge yana riƙe lambar shaidarsa ta SID da sAMAccountName, amma yana zubar da yawancin guraben, har da userPrincipalName da ƙungiyoyin da yake ciki. Ka duba ko masu su ba su rasa damar shiga wasu jakunkuna ba, wataƙila sun daɗe suna haƙuri ba su faɗa ba.

Kafin ka cike, ka fitar da jerin da Get-ADUser -LDAPFilter "(!userPrincipalName=*)", ka cire Administrator da Guest da krbtgt, asusun da suka zo da tsarin, kada ka taɓa su. Sannan ka lura da jelar sunan, wato abin da ke bayan alamar @. Idan domen ɗinku yana ƙarewa da .local, Microsoft ba za ta amince da shi ba, za a sake mayar da su onmicrosoft.com. Ka ƙara ainihin domen ɗin imel na makarantar a Active Directory Domains and Trusts, ka gwada cike gurbin da umarnin Set-ADUser a kan asusu ɗaya, ka jira Entra Connect, manhajar da ke kai bayanan asusu zuwa Microsoft 365, ya aika, wanda yake yi duk minti 30, sannan ka yi sauran.

Hajiya ta sashen tsaro: Kuma ka sanar da malaman tun da wuri cewa sunansu na Microsoft 365 zai sauya, don kada wayoyinsu su fara neman kalmar sirri su ɗauka kutse aka yi musu.

Sabon mai kula da sabar: Allah ya saka da alheri. Na yi kamar yadda kuka ce, 40 sun karɓa. Guda ɗaya ya ƙi da kuskure mai lamba 8648, cewa sunan yana kan wani asusun. Ashe tsohon asusu ne na wani malami mai suna iri ɗaya da ya bar aiki, an dakatar da shi ba a goge ba. Na ƙara wa sabon harafin sunan mahaifinsa, ya wuce. Ɗaya daga cikin ukun kuma ta tabbatar mini cewa tun bara ba ta iya buɗe jakar sakamakon jarrabawa, ta kwamfutar abokiyar aikinta take shiga. Yanzu nake mayar da ita ƙungiyarta, daga nan in kunna kwandon sharar.