Mai gida ya ce ko awaki ko ɗaki: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Uwar Biyu, unguwar Zariya, Maradi: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata huɗu a gidan haya, jika 15 a wata, ban taɓa wuce biyar ga wata ban biya ba. Ina da jajayen awaki biyu a kusurwar tsakar gida, da kuɗin adashe na sayi uwar. Jiya mai gidan ya aiko yaronsa, wai in fitar da su kafin ƙarshen wata ko in kwashe kayana. Ranar da na tare da idonsa ya ga akuyar, har ya ce Allah ya sa albarka. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni labari.

Tela, Bagalam: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara bincika wa ya kai ƙara. Ni tattabaru ne suka jawo mini, suna ɓata wa maƙwabciya shanya. Mai unguwa ya zaunar da mu, na rage su, na mayar da akurkin bayan ɗaki. Har yau ina gidan.

Inna, Ali Ɗan Sofo: 'Yata, ni nawa bai yi daɗi haka ba. Tsakiyar damina aka ba ni sati biyu. Duk gidan da dillali ya kai ni, da an ji ina da dabba sai a ce an riga an kama. Ƙarshe na ja akuyata mai ciki zuwa kasuwa, kuma 'yan kasuwa sun san fuskar wanda ya matsu, suka saye ta kamar kyauta. Wannan akuyar ita ce asusuna. Da 'ya'yanta nake sayen littattafan yara duk shigar makaranta, da ita na biya magani lokacin da autana ya kwanta. Ɗakin da na samu yana can gefen gari, dole yara biyu suka sake makaranta. Abin da ya fi ƙona mini rai, bayan wata ɗaya na bi ta ƙofar tsohon gidan na ji kukan rago. Sabon ɗan haya ne, an ƙara masa kuɗi. Ashe kuɗin haya ake son ɗagawa, akuyata aka fake da ita.

Mai gidan haya, Burja: Ku yi haƙuri in faɗi namu. Fitsarin dabba yana cin gindin bango, kuma ragon layya ya taɓa karya mini ƙyauren makewayi, mai shi ya tashi bai gyara ba. Yanzu ban hana kiwo, amma sai mun rubuta: dabba nawa, ina za a ɗaure ta, wa zai gyara ɓarna. Kare ne kawai ban yarda da shi ba a gidan tarayya, saboda yara.

Ɗalibi, Faransa: A nan akwai doka tun 9 ga Yuli 1970. Ko mai gida ya rubuta a takardar haya cewa ba a ajiye dabbar gida, sharaɗin bai da ƙarfi, muddin dabbar ba ta yi ɓarna ko ta dami maƙwabta ba. Karnukan da aka ware a matsayin masu kai hari ne kawai zai iya hanawa. Abokin zamana da kyanwarsa ya tare, ba wanda ya ce uffan. Sai dai su kare da kyanwa suke nufi. Da za ki hau bene da akuya a nan, da kin tara jama'a.

Tsohon ma'aikacin kotu: Kar mu ɗauko na Faransa mu aza a Maradi. Nijar tana da dokar haya tata tun 1996. Abin da na gani a wurin aiki: mai gida ba shi da ikon watso miki kaya waje ko cire ƙyaure da hannunsa, korar ɗan haya da ƙarfi sai da hukuncin alƙali. Amma mafi yawan waɗanda suka zo mana ba su da ko guntuwar takarda. Hajiya, kina karɓar rasit in kin biya? Akwai wanda ya shaida ya ga akuyar ranar da kika tare?

Uwar Biyu, Zariya: Baba, rasit babu, a littafinsa yake rubutawa kuma yana hannunsa. Shaida kam akwai, mai amalanken da ya ɗauko mana kaya yana nan bakin tasha. Malam Tela, maganarka ta fito: na shiga wajen maƙwabciyata, ashe ƙaramar ce ta tsinke igiya ta cinye mata zogalen da ta dasa, ita kuma ta ji nauyin faɗa mini. Na ba ta haƙuri, na ce zan biya. Ƙaramar zan aika wa mahaifiyata a Tibiri. Gobe bayan la'asar maigidana zai je wajen mai gidan tare da mai unguwa, na ce masa kar ya dawo ba takarda, kuma a sa uwar a ciki.